Zoben karo na Jeneba

In mace ta zuba gero a turmi ta yi ta daka, gero ya kan koma gari. In ta kai garin bisa dutsen niƙa, sai ya ƙara laushi. To, a ɗauki ƙwaya ɗaya ta garin nan, wadda da ƙyar ido ke ganinta, a raba ta biyu. A ɗauki rabin a sake rabawa. A yi ta yin haka. Shin akwai ranar da za a kai ga wani ɗan abu wanda ba ya rabuwa kuma? Ko kuwa rabon ba shi da iyaka?

Tambayar nan kamar ta wasan yara ce, amma ta fi shekara 2000 tana damun masana. Wani mutumin ƙasar Girka mai suna Democrite ya ce lalle akwai iyaka. Ɗan abin nan na ƙarshe ya sa masa suna atom, watau abin da ba ya yankuwa. Ba shi da kayan aikin da zai gwada maganarsa, tunani kawai ya yi. Sai bayan ƙarnuka da yawa aka tabbatar da cewa ruwa, da ƙasa, da iska, da ƙarfe, har da jikin mutum, duka da ƙwayoyin atom aka gina su.

Ƙanƙantar atom ta wuce misali. A dubi milimetir ɗaya bisa abin awon da ke cikin aji. In da za a jera ƙwayoyin atom a wannan ɗan tsakani, sai an jera wajen miliyan 10 kafin a cika shi.

Sunan bai dace ba

Ashe Democrite ya yi gaskiya rabi. Atom yana nan, amma yana rabuwa. Cikin 1897, a ƙasar Ingila, wani masani mai suna Thomson ya gano wata ƙwaya da ta fi atom ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ita ce elektoron. Ita ce ke gudu cikin waya in an kunna tocila ko rediyo, gudun nata ne a ke kira lantarki.

Daga nan sai aka so a san abin da ke tsakiyar atom. Yaya za a leƙa cikin abin da ido ba ya gani? Dabarar da aka yi ita ce jifa. A ce ga danga ta kara, ba a ganin abin da ke bayanta. Yaro ya tsaya yana jifanta da tsakuwa. Yawancin tsakuwar tana wucewa ta tsakanin karare. Amma jefi-jefi sai ɗaya ta yi ƙara ta dawo baya. Ko bai leƙa ba, yaron ya san akwai wani abu mai tauri a wurin, in kuma ya yi ta jifa yana lura, zai san girman abin da inda ya ke.

Haka Rutherford da almajiransa biyu, Geiger da Marsden, suka yi a birnin Mancesta cikin 1909. Sun sami zinariya wadda aka buga ta yi falan-falan, ta fi takarda rashin kauri, suka yi ta harbinta da wasu ƙwayoyi masu gudu. Kusan duka suka huda suka wuce, kamar babu kome a gabansu. Amma ɗaya cikin dubbai sai ta dawo baya. Rutherford ya daɗe yana juya abin a ransa. Cikin 1911 ya ba da amsa: kusan dukan nauyin atom yana dunƙule a wata ƴar cibiya a tsakiya, elektoron suna can nesa kewaye da ita, sauran wurin kuwa fili ne kawai. In aka ce cibiyar atom mafi sauƙi ta kai girman ƙwayar gero, aka ajiye ta tsakiyar filin ƙwallo, to, elektoron ɗinta yana can wajen bakin filin.

Cibiyar ma ba abu ɗaya ba ce. Ƙwayoyi iri biyu ne suka haɗu a cikinta, furoton da nutoron. Yawan furoton shi ke bambanta abu da abu. Iskar idirojen, wadda ta fi kome sauƙi, furoton ɗaya gare ta. Zinariya tana da 79. Uraniyom da a ke haƙowa a Arlit yana da 92.

Majajjawa

Masana suka ga jifa ta yi amfani. Sai suka ce, in an ƙara ƙarfin jifar, za a ga abin da ya fi wannan zurfi. Suka shiga ƙera injunan da ke ba ƙwayoyi gudu.

Duk yaron da ya taɓa tsaron gona lokacin da tsuntsaye ke faɗa wa gero ya san majajjawa. Ana sa dutse, a yi ta juyawa, kowane kewaye dutsen na ƙara gudu, igiya kuwa tana riƙe da shi kada ya kuɓuce kafin lokaci. Injin nan haka ya ke aiki. Ƙarfin lantarki shi ne hannun da ke tura furoton gaba kowane kewaye. Maganaɗisu shi ne igiyar da ke tanƙwara hanyarsa ya bi zobe. Na farko da wani Ba'amurke mai suna Lawrence ya ƙera da almajirinsa cikin 1931, ana iya ɗora shi bisa tafin hannu.

Kowane sabon inji ya fi na baya girma, kowane kuma ya tono abin da ba a sani ba. Cikin 1964 wasu masana biyu, Gell-Mann da Zweig, suka ce furoton da nutoron su ma ba su ne ƙarshe ba: cikin kowane akwai ƴan ƙwayoyi uku, waɗanda aka sa wa suna kwak. Ƴan shekaru bayan haka, wani inji mai tsawon kilometir 3 a Amurka ya harbi furoton da elektoron, aka ga alamar lalle akwai wasu abubuwa masu tauri a ciki. Dabarar Rutherford ce dai aka sake yi. Har yau ba a ga alamar kwak ko elektoron suna rabuwa ba.

Sa'an nan aka ƙara wata dabara. In mota ta bugi amalanken da ke tsaye, rabin ƙarfin ya kan tafi wajen ture amalanken gaba. Amma in raguna biyu suka ja da baya, suka sheƙo da gudu suka gwara kai, dukan ƙarfin a wurin karon ya ke ƙarewa. Don haka ba a tsaya ga harbin abin da ke tsaye kaɗai ba. Aka koma sa ƙwayoyi su yi gudu ta fuska biyu, waɗansu ta dama, waɗansu ta hagu, su yi karo gaba da gaba.

Abin da ke fitowa daga karon nan shi ne abin mamaki. In aka gwara tuluna biyu, sakaina za a samu, kuma sakainar ba za ta fi tulunan nauyi ba. Karon furoton ba haka ya ke ba. Tun 1905 Einstein ya nuna cewa ƙarfi yana iya rikiɗa ya zama abu mai nauyi. Saboda haka ƙarfin gudun da furoton biyu suka zo da shi ya kan rikiɗa ya zama sababbin ƙwayoyi, waɗanda da can babu su a wurin, wasu ma sun fi furoton nauyi sau ɗari. Kamar a gwara goro biyu ne, sai a ga kabewa ta faɗo. Yawan gudu, yawan nauyin abin da za a iya samu. Dalilin da ya sa a ke ta neman inji mafi ƙarfi ke nan.

Zoben da ya fi duka

Injin da ya fi kowane girma a duniya yana kusa da birnin Jeneba, bisa iyakar Suwis da Faransa. Na wata ma'aikata ce da a ke kira CERN, wadda ƙasashen Turai 12 suka kafa cikin 1954. Lokacin nan shekara tara kaɗai da ƙare babban yaƙin duniya na biyu. Ƙasashen da suka gama kashe juna suka ga babu wadda za ta iya aikin nan ita kaɗai, suka haɗa kuɗi, suka kuma rubuta cewa ba za a yi aikin makamai a wurin ba, duk abin da aka gano kuma za a bayyana wa kowa. Yau masana daga ƙasashe masu yawa, har da na Afirka, suna zuwa can aiki.

Sunan injin LHC. Wanda ya je wurin ba zai ga zobe ba, gonaki zai gani da shanu da ƙauyuka. Zoben yana ƙarƙashin ƙasa, zurfin wajen metir 100, watau rijiya mai gaba hamsin da wani abu. Rami ne da aka haƙa ya kewaya ya dawo inda ya faro, tsawonsa kilometir 27. Mai tafiya da ƙafa, in ya tashi da asuba, sai kusan azahar zai gama kewaye shi.

Cikin ramin akwai bututu biyu sirara, waɗanda aka zuƙe iskar cikinsu sarai don kada furoton ya yi tuntuɓe da kome. Kewaye da bututun an jera manyan maganaɗisu 1232 masu tanƙwara hanya, kowane tsawonsa metir 15, nauyinsa wajen ton 35. Ba irin maganaɗisun da yara ke cirowa daga mataccen rediyo ba ne. Waɗannan sai an sa musu lantarki mai yawan gaske. Waya kuwa in lantarki ya yi mata yawa zafi ta ke yi, har ta narke. Maganin wannan shi ne sanyi. Akwai wasu ƙarafa waɗanda in an sanyaya su ƙwarai, lantarki ya kan bi ta cikinsu ba tare da sun ɗau zafi ba ko kaɗan. Ruwa yana daskarewa a sifiri. Ranar zafi cikin Afrilu ma'auni ya kan wuce 40. Maganaɗisun nan kuwa ana riƙe da su a 271 ƙasa da sifiri, alhali sanyin da babu na gaba da shi 273 ne. Sun fi sararin da ke tsakanin taurari sanyi. Da wata iska mai suna eliyom a ke yin haka, bayan an sanyaya ta ta zama ruwa.

Daga ina a ke samun furoton ɗin? Daga ƴar kwalbar iskar idirojen. Abin da injin ke ci ba shi da yawa ko kaɗan: an lissafa sai ya yi aikin shekara wajen miliyan kafin ya juya giram ɗaya. Furoton ya kan bi ta wasu ƙananan injuna tukuna, kowane ya ƙara masa gudu ya miƙa wa na gaba, sa'an nan ya shiga babban zobe. Bayan minti ashirin ya kai iyakar ƙarfinsa. A lokacin yana kewaye zoben sau 11 245 cikin sakan ɗaya. Mai son lissafi ya ɗauki alli ya buga 27 sau 11 000, zai sami 297 000. Haske kuwa, wanda babu abin da ya kai shi gudu, kilometir 300 000 ya ke yi cikin sakan.

Furoton ɗaya, duk da gudun nan, ƙarfinsa bai wuce na ƴan sauro da ke tashi ba. Sai dai an matse ƙarfin a wuri ƙarami ainun. Kuma ba ɗaya-ɗaya su ke tafiya ba, ƙungiya-ƙungiya su ke, kowace ƙungiya furoton fiye da miliyar 100 (miliyar ɗaya miliyan dubu ce). In an haɗa ƙarfin dukan ƙungiyoyin da ke cikin bututu ɗaya, ya kai na manyan motocin kaya ashirin da wani abu, cike maƙil, suna gudun kilometir 100 a awa.

Masu bin sawu

A wuri huɗu cikin zoben, bututun biyu suna gittawa. Nan a ke karon. Ana matse ƙungiyoyin su fi silin gashi siranta, duk da haka yawancin furoton wuce juna su ke yi, kaɗan ne ke gwara kai. Amma da ya ke ƙungiyoyin suna gittawa ba tsayawa, a kan sami karo wajen miliyar ɗaya kowane sakan.

Kowane wurin karo an kewaye shi da wata ƙatuwar na'ura mai lura. Wadda a ke kira ATLAS tsawonta metir 46, tsayinta metir 25. Wadda a ke kira CMS ba ta kai ta girma ba, amma ta ninka ta nauyi, ton 14 000. An gina su ɓawo bisa ɓawo kamar albasa, kowane ɓawo da abin da ya ke aunawa.

Ba ƙwayar da a ke nema su ke gani ba. Yawancin sababbin ƙwayoyin ba su daɗewa, suna fitowa su ke wargajewa su koma wasu ƙanana. Sawunsu a ke gani. Makiyayin da ya iya bin sawu ya kan dubi rairayi ya ce raƙumi ne ya wuce nan, yana ɗauke da kaya, ya nufi arewa, alhali bai ga raƙumin ba. Haka masanan nan su ke yi. Ba kuma za a iya ajiye labarin kowane karo ba, ya yi yawa. Kwamfuta ce ke tankaɗe: cikin kowane sakan ta zaɓi ƴan dubbai, sauran a zubar har abada. In aka tsara rariyar ba daidai ba, abin da a ke nema zai bi dusa, ba wanda zai sani.

An kunna LHC ran 10 ga Satumba 2008, aka yi ta murna. Kwana tara bayan haka, wani haɗin waya tsakanin maganaɗisu biyu ya yi zafi ya narke. Eliyom wajen ton 6 ya fashe ya fita da ƙarfi, har ya tumɓuke maganaɗisu daga mazauninsu. Sai da aka fid da 53 daga ramin, injin kuma bai sake aiki ba sai Nuwamba 2009. Haɗi ɗaya cikin dubbai, wanda ba a lika da kyau ba, ya tsai da aikin mutane dubbai fiye da shekara. Cikin 2016 kuma wata ƴar dabba mai kama da tunku ta shiga wurin lantarkin ma'aikatar, ta jawo ɗaukewar wuta, injin ya yi kwanaki tsaye.

Ƙwayar da aka jira shekara 48

Akwai wata tambaya da ta tsaya wa masana a rai. Me ya sa wasu ƙwayoyi su ke da nauyi, wasu kuwa, kamar ƙwayar haske, ba su da shi sam? Cikin 1964 Peter Higgs a Sikotlan, da François Englert da Robert Brout a Beljik, suka kawo amsa a takarda. Suka ce akwai wani abu da ba a gani wanda ya cika ko'ina, har inda a ke tsammani babu kome. Ƙwayar da abin nan ya kama, ita ce mai nauyi.

Ga misali, ko da ya ke misali ba ya kama abu ta kowace fuska. Ranar kasuwa ce, wuri ya cika. Yaron da ba wanda ya sani zai ratsa ya fita nan da nan. Amma ɗan kokowar da ya ɗau takobi, in ya shigo, mutane za su yanyame shi, ɗaga ƙafa ma sai da ƙyar. Taron ne ya sa masa nauyi. In ba don abin nan ba, da elektoron ba shi da nauyi, da bai tsaya kewaye da cibiya ba, da babu atom, balle gero, balle mai daka.

Higgs ya ƙara da cewa in maganar gaskiya ce, to, in an girgiza abin da karo mai ƙarfi, wata sabuwar ƙwaya za ta ɓullo. Aka yi ta nema shekara da shekaru, injuna suka tsufa ba a gan ta ba. Neman nan yana cikin manyan dalilan gina LHC. Kuma ba wanda ya yi alkawarin za a samu. In da ba a same ta ba, da sai an sake rubuta babban sashe na abin da masana suka gina cikin shekara hamsin.

Wuyar abin, sai an yi karo fiye da miliyar kafin ta fito sau ɗaya, wani lokaci kuma sawunta ya kan yi kama da na wasu. Don haka ƙungiyoyi biyu suka yi aiki dabam-dabam, ta ATLAS da ta CMS, kowace da mutane dubbai, don kowace ta zama shaida bisa ƴar'uwarta. Ran 4 ga Yuli 2012 suka taru a CERN, kowace ta faɗi abin da ta gani. Bakinsu ya zo ɗaya: ga sabuwar ƙwaya, nauyinta ya kai na furoton wajen 133. Wadda ta yi magana da sunan ATLAS wata ƴar Italiya ce, Fabiola Gianotti, wadda cikin 2016 ta zama mace ta farko da ta shugabanci CERN. Higgs yana zaune cikin taron, yana da shekara 83, aka ga yana share hawaye. Cikin 2013 aka ba shi kyautar Nobel tare da Englert. Brout bai ga ranar ba, ya rasu cikin 2011. Higgs kuma ya rasu cikin 2024.

Maganar kuɗi

Ginin LHC ya ci fiye da miliyar 4 na kuɗin Suwis, ban da lantarkin da ya ke sha. Wani zai ce, da kuɗin nan rijiya nawa za a gina, aji nawa, asibiti nawa? Tambaya ce ta gaskiya, bai kamata a yi wa mai yinta dariya ba. Ƙwayar Higgs ba ta ƙosar da kowa ba, ba ta kuma warkar da kowa ba. Amurka ma ta taɓa fara haƙa zoben da zai fi wannan girma a Tekzas. Cikin 1993 majalisar ƙasar ta ce ya yi tsada, aka bar aikin bayan an haƙa fiye da kilometir 20.

Masanan kan amsa da cewa lokacin da Thomson ya gano elektoron, ba wanda ya san amfaninsa. Injunan ba ƙwayoyi gudu kuma yau dubbai ne a duniya, da yawansu a asibitoci su ke, ana ƙona ciwon daji da su. Cikin 1989 wani ma'aikacin CERN, Tim Berners-Lee, ya ƙago hanyar da masana za su riƙa karanta takardun juna ta kwamfuta. Cikin 1993 CERN ta sakar wa duniya dabarar kyauta. Ita ce shafukan intanet da a ke buɗewa yau cikin wayar hannu.

Neman kuma bai ƙare ba. Masu duban taurari sun auna sun ga cewa duk abin da aka gina da atom, har rana da taurari, bai wuce kashi 5 cikin 100 na abin da ke cikin sararin duniya ba. Akwai wani abu mai nauyi da ke jan taurari, ba ya haske, ba a san ko mene ne ba, LHC kuma bai kama sawunsa ba tukuna. Cikin 2025 CERN ta gabatar da tsarin wani sabon zobe mai kilometir 91, wanda zai bi ta ƙarƙashin tafkin Jeneba. Wasu masana suna so, wasu sun ce a kai kuɗin wani binciken. Ƙasashen da za su biya ne ke da ta cewa.